Daga Lamisula Zuwa Gidan Gwamnati: Tarihin Kashim Shettima da Takarar Gwamnan Jihar Borno ta 2011

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1979 da aka fara zaɓen gwamnonin jihohi kai tsaye a Nijeriya, kujerar gwamna ta zama babbar kujerar da 'yan siyasar kowace jiha suke hanƙoro a kanta. A hannun gwamna kason jiha na asusun tarayya yake sauka, shi yake naɗa kwamishinoni, shi yake miƙa wa sarakuna sandar girma, kuma da wuya shugaban ƙaramar hukuma ya yi wani motsi ba da saninsa ba. Saboda haka, duk mai son fahimtar siyasar wata jiha ya kamata ya dubi hanyar da mutum yake bi kafin jam'iyya ta miƙa masa tuta, domin sau da yawa a nan ake gama zaɓe tun ba a kafa akwati ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalin Alhaji Kashim Shettima, da karatunsa, da ayyukan da ya yi, har zuwa lokacin da ya tsaya takarar gwamnan Jihar Borno a shekarar 2011 a ƙarƙashin jam'iyyar ANPP. An zaɓi wannan takara ne bisa dalilai uku. Na farko, ɗan takarar bai taɓa riƙe wani muƙami na zaɓe ba kafin wannan lokaci. Na biyu, tutar ta faɗo hannunsa ne bayan an kashe wanda jam'iyyar ta fara tsayarwa. Na uku, an gudanar da zaɓen a daidai lokacin da rikicin Boko Haram yake ƙara ruruwa a birnin Maiduguri. Maƙalar za ta fara da taƙaitaccen tarihin mazaunin mulki a Maiduguri da na siyasar Borno, sa'an nan ta dubi rayuwar ɗan takarar, daga nan ta yi nazarin zaɓen da abin da ya biyo bayansa.

2.0 Yerwa, GRA da Mazaunin Mulki

Maiduguri ba tsohon gari ba ne idan aka kwatanta shi da daɗewar daular Borno. Bayan da Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa kuma suka kashe shi a Kusuri a 1900, sai gidan Shehu al-Kanemi ya yi 'yan shekaru ba shi da tsayayyen mazauni. A shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa, kusa da sansanin da Turawan Ingila suka yi a bakin kogin Ngadda. Tun daga ranar garin ya tashi da fuska biyu: garin Shehu, inda fada da masallaci da unguwannin malamai da 'yan kasuwa suke, da kuma unguwar Turawa, inda Razdan da Di'o-Di'o suke zaune.

Wannan rabuwa ba a Maiduguri kaɗai aka yi ta ba. Tsarin mulkin mallaka ya tanadi cewa a keɓe wa Turawa unguwa ta musamman, a bar fili fetal na kimanin yadi 440 tsakaninta da gidajen 'yan ƙasa, bisa hujjar kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Wannan unguwa ce aka sani da GRA a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato da sauran manyan garuruwa. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikatan gwamnati suka gaji gidajen, daga baya attajirai da 'yan siyasa suka bi sahu. Lokacin da Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ta kuma zama hedikwatar Jihar Borno a 1976, sai Gidan Gwamnati da gidajen kwamishinoni suka kasance a wannan yanki. Ke nan, a zahiri, takarar gwamnan Borno neman izinin shiga wani gida ne da ke GRA, da ƙuri'un mutanen da akasarinsu suke zaune a Gwange da Bulabulin da Hausari da ƙauyukan da ke nesa da birni. Nisan da ke tsakanin waɗannan wurare biyu yana daga cikin abubuwan da suka tsara siyasar jihar.

3.0 Siyasar Borno Kafin 2011

3.1 Jamhuriya ta Farko

A zamanin siyasar neman 'yanci, mutum biyu ne suka fi fice a Borno, dukkansu kuwa tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina ne. Na farko shi ne Shettima Kashim Ibrahim, malamin makaranta wanda ya zama minista a 1952, ya zama Wazirin Borno a 1956, sa'an nan ya zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Shi ne jigon jam'iyyar NPC da tsarin En'e a Borno. Na biyu shi ne Ibrahim Imam, wanda ya riƙe sakataren NPC kafin ya fice daga cikinta a 1954. Ƙungiyar samarin Borno, watau BYM, wadda ya zama jagoranta, ta yi ƙawance da NEPU, daga baya ta koma wajen AG ta Cif Obafemi Awolowo. Daga waɗannan mutane biyu siyasar Borno ta gaji hannu biyu: hannun masu tafiya da fada da gwamnati, da hannun masu adawa.

3.2 Jamhuriya ta Biyu da ta Uku

Hannun adawa ne ya yi rinjaye a 1979. Jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai kirarin siyasa ba da gaba ba, ta cinye Borno da Gongola, yayin da NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta kafa gwamnati a tarayya. Alhaji Mohammed Goni, ɗan asalin Kareto a arewacin jihar kuma tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ne ya zama zaɓaɓɓen gwamna na farko. Zaman doya da manja tsakanin jihar da tarayya ya fito fili a watan Janairu na 1980, lokacin da gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar, ta tsallakar da shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta rushe wannan mataki, ya dawo gida. A 1983 GNPP ta dare, Goni ya sake tsayawa a ƙarƙashin UPN, amma Alhaji Asheik Jarma na NPN ya karɓi kujerar, ya zauna a kanta wata uku kacal kafin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. A Jamhuriya ta Uku kuwa, bayan an cire Jihar Yobe daga Borno a watan Agusta na 1991, Alhaji Maina Ma'aji Lawan na SDP ya yi mulki daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993.

3.3 Daga 1999 Zuwa 2011

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, jam'iyyar APP, wadda daga baya ta koma ANPP, ta kafa gwamnati a Borno a ƙarƙashin Alhaji Mala Kachalla, yayin da PDP take mulkin tarayya. Babban mai ɗaukar nauyin jam'iyyar a jihar shi ne Sanata Ali Modu Sheriff, attajiri ɗan asalin Ngala. Tafiyar mutanen biyu ba ta ɗore ba. Kafin zaɓen 2003 Sheriff ya karɓe tutar ANPP, Kachalla ya koma AD, Sheriff kuma ya kayar da shi tare da Kashim Ibrahim-Imam na PDP, ɗan Ibrahim Imam da aka ambata a baya. A 2007 ya sake cin zaɓe, ya zama gwamnan Borno na farko da ya yi zango biyu.

Wannan zamani ya bar wa jihar gado iri biyu. Na ɗaya, siyasar ubangida, inda mai kuɗi ko mai mulki yake nuna wanda za a tsayar. Na biyu, amfani da gungun samari marasa aikin yi a matsayin 'yan bangar siyasa, waɗanda a Maiduguri aka yi wa laƙabi da ECOMOG. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2011 a ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari domin binciken matsalar tsaro a Arewa maso Gabas ya ambaci irin waɗannan 'yan banga, da 'yan siyasa suka tara suka kuma watsar bayan zaɓe, a cikin tushen fitinar da ta auka wa yankin.

4.0 Asali da Karatu

An haifi Kashim Shettima a Maiduguri ranar 2 ga Satumba, 1966, watau wata tara kafin garin ya zama hedikwatar jiha. Babarbare ne, kuma kalmar Shettima da ke cikin sunansa tsohuwar sarauta ce ta Borno wadda aka saba ba malamai. Ya yi makarantar firamare ta Lamisula daga 1972 zuwa 1978. Lamisula kuwa tana cikin tsofaffin unguwannin Yerwa, saboda haka a garin Shehu ya buɗe ido.

Karatun sakandare ya fitar da shi daga cikin Barebari. Ya yi shekara biyu a makarantar sakandare ta Biu, daga 1978 zuwa 1980, a ƙasar Babur da Bura, sa'an nan ya ƙarasa a makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum, a ƙasar Bolewa da Ngizim da Karekare, inda ya gama a 1983. A wancan lokaci Potiskum tana cikin Jihar Borno. Wannan tsari na tura yara makarantun kwana nesa da gida ya haɗa 'ya'yan ƙabilu dabam-dabam a ɗaki ɗaya, harshen Hausa kuma shi ne ya zama abin sadarwa a tsakaninsu. Ga ɗan siyasar da zai nemi ƙuri'a a kudancin Borno bayan shekara talatin, zaman Biu jari ne.

Daga nan ya shiga Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ya sami digiri na farko a fannin tattalin arzikin noma a 1989. Ya yi hidimar ƙasa a Kalaba, a bankin manoma na gwamnatin tarayya, sa'an nan ya tafi Jami'ar Ibadan, inda ya sami digiri na biyu a wannan fanni a 1991. A wannan shekara ya dawo Jami'ar Maiduguri a matsayin malami, ya koyar har zuwa 1993.

5.0 Aikin Banki

Barin jami'a zuwa banki a 1993 ya zo daidai da wani yayi na wancan zamani. Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, albashin malaman jami'a ya zama bai taka kara ya karya ba, har ƙungiyarsu ta ASUU ta shiga dogon yajin aiki a 1992, gwamnati kuma ta haramta ta. A gefe guda, shirin ya sassauta ba da lasisin banki, sababbin bankuna suka yi ta tsirowa suna farautar masu digiri. Malamai da yawa sun ajiye alli a waɗannan shekaru, wasu suka tafi ƙasashen waje, wasu suka shiga bankuna.

Shettima ya fara da Commercial Bank of Africa a Ikeja ta Legas, daga 1993 zuwa 1997. Daga nan ya koma African International Bank a Kaduna, inda ya kai matsayin manaja. A shekarar 2001 ya shiga bankin Zenith a matsayin shugaban babban reshensa na Maiduguri, ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai janar manaja a 2007. Ya tsallake manyan guguwa biyu da suka kwashe ma'aikatan banki da yawa: rufe bankuna 26 da aka yi a farkon 1998, da kuma haɗe bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya tilasta a 2004 da 2005, lokacin da aka ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, yawansu ya ragu daga 89 zuwa 25.

Akwai dalilin da ya sa aikin banki a gari irin Maiduguri yake kusa da siyasa. A jihar da ba ta da manyan masana'antu, gwamnati ita ce babbar mai ajiya. Kason wata-wata daga Abuja, da albashin ma'aikata, da kuɗin ƙananan hukumomi, da biyan 'yan kwangila, duk ta banki suke bi. Saboda haka manajan babban reshe dole ya san gwamna da kwamishinan kuɗi da akanta janar da manyan 'yan kasuwa, su ma dole su san shi. Shekara shida da Shettima ya yi a bankin Zenith sun sa ya zama sananne a falukan GRA, ko da yake talakan Gwange bai san sunansa ba tukuna.

6.0 Kwamishina a Ma'aikatu Biyar

A shekarar 2007, a farkon zangonsa na biyu, Gwamna Ali Modu Sheriff ya naɗa Shettima kwamishinan kuɗi. Cikin ƙasa da shekara huɗu ya zagaya ma'aikatu biyar: kuɗi, ƙananan hukumomi da masarautu, ilimi, aikin gona, da lafiya. Irin wannan sauye-sauye ba ya ba mutum damar kafa dogon aiki a ma'aikata ɗaya, amma yana koya masa yadda injin gwamnati yake juyawa. Ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu ta fi sauran muhimmanci ta fuskar siyasa, domin ita ce take hulɗa da shugabannin ƙananan hukumomi 27 na jihar, da fadar Shehun Borno, da sauran sarakuna, da hakimai da lawanai da bulamai. Da ɗan gari akan ci gari, waɗannan mutane kuwa su ne 'yan gari a ranar zaɓe.

Yana cikin wannan majalisar zartarwa lokacin da aka yi tarzomar watan Yuli na 2009. Mabiya Mohammed Yusuf, waɗanda cibiyarsu take kusa da tashar jirgin ƙasa ta Maiduguri, suka yi artabu da jami'an tsaro na kwanaki, ɗaruruwan mutane suka mutu, Yusuf kansa ya mutu a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli. Cikin waɗanda aka kashe har da Alhaji Buji Foi, wanda ya taɓa zama kwamishinan harkokin addini a gwamnatin jihar. Hukumomi sun ɗauka an gama da ƙungiyar, ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

7.0 Takarar 2011

7.1 Yanayin da Aka Shiga Zaɓe

A watan Satumba na 2010 'yan ƙungiyar, a ƙarƙashin Abubakar Shekau, suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki ɗaruruwan fursunoni. Daga nan kashe-kashen ɗauki-ɗaiɗai suka fara a Maiduguri. 'Yan bindiga a kan babura suna bin 'yan sanda da masu unguwanni da malaman da suka yi musu raddi da kuma jiga-jigan jam'iyya mai mulkin jihar. A watan Oktoba na 2010 aka harbe Alhaji Awana Ngala, mataimakin shugaban ANPP na ƙasa, a gidansa. A cikin wannan hali jam'iyyu suka yi zaɓen fid da gwani, ANPP kuma ta tsayar da Injiniya Modu Fannami Gubio, na hannun daman Gwamna Sheriff.

Ranar Juma'a, 28 ga Janairu, 2011, bayan an sakko daga masallaci, 'yan bindiga suka harbe Gubio tare da wasu mutum shida, cikinsu har da Alhaji Goni Modu Sheriff, ɗan'uwan gwamna. Kisan ya girgiza jihar, ya kuma nuna cewa tutar ANPP ta zama abin da mai riƙe da ita yake iya rasa ransa a kai.

7.2 Fitar da Sabon Ɗan Takara

Dokar Zaɓe ta 2010 ta hana jam'iyya sauya ɗan takarar da ta riga ta miƙa sunansa, sai in ya rasu ko ya janye. Rasuwar Gubio ta buɗe wannan ƙofa, a watan Fabrairu kuma ANPP ta tsayar da Kashim Shettima, yana da shekara 44. Tsarin Mulki na 1999 bai nemi abu mai yawa daga ɗan takarar gwamna ba: ya zama haifaffen Nijeriya, ya kai shekara 35, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, jam'iyya kuma ta tsayar da shi. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma a Borno ta 2011 makullinsa yana hannun gwamna mai barin gado.

Ana iya hango abubuwan da suka sa zaɓin ya faɗa kansa. Ba shi da rundunar magoya baya ta kansa da zai yi wa ubangida barazana da ita, kamar yadda Sheriff ya yi wa Kachalla. Ba a san shi da harkar 'yan banga ba, saboda haka fuska ce sabuwa a lokacin da jama'a suka fara ƙosawa da tsofaffi. Ya san kuɗin jihar ciki da bai, ya kuma san shugabannin ƙananan hukumomi. Aka haɗa shi da Alhaji Zannah Umar Mustapha daga Biu a matsayin mataimaki, bisa al'adar da ake bi tun 1999 ta ba kudancin Borno kujerar mataimaki. Wannan yanki, wanda ya ƙunshi Biu da Gwoza da Chibok da Askira/Uba da Hawul da sauransu, bai fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba a duk zaɓukan da aka yi daga 1979 zuwa 2023, abin da mutanensa suka daɗe suna kuka a kai.

Ita kuwa PDP sai ta ɗauko Alhaji Mohammed Goni, wanda ya bar Gidan Gwamnati shekara 28 da suka wuce, amma dattawa suna tunawa da ayyukan zamaninsa. Takarar ta zama tsakanin tsohon gwamna mai suna da sabon ɗan takara mai jam'iyya.

7.3 Sakamakon Zaɓe

Zaɓukan watan Afrilu na 2011 sun nuna cewa masu jefa ƙuri'a a Borno ba makafi ba ne. Ranar 9 ga wata, a zaɓen majalisar dattawa, Gwamna Sheriff kansa ya sha kaye a Borno ta Tsakiya a hannun Ahmed Zanna na PDP, Mohammed Ali Ndume, wanda ya bar ANPP ya koma PDP, ya ci Borno ta Kudu, Maina Ma'aji Lawan ne kaɗai ya tsira wa ANPP da Borno ta Arewa. Ranar 16 ga wata, a zaɓen shugaban ƙasa, jihar ta zaɓi Janar Muhammadu Buhari na CPC, wanda ya taɓa zama gwamnan soja a Maiduguri daga 1975 zuwa 1976, ta bar Malam Ibrahim Shekarau na ANPP da Dokta Goodluck Jonathan na PDP. Ranar 26 ga wata kuma, a zaɓen gwamna, Shettima ya sami ƙuri'a 531,147, Goni ya sami 450,140.

Tazarar ƙuri'a 81,007 ba ta da yawa ga jam'iyyar da ta yi shekara 12 a kan mulki. Idan aka haɗa sakamakon nan uku, abin da yake fitowa shi ne jama'a sun hukunta gwamna mai barin gado, amma ba su yarda su miƙa jihar ga jam'iyyar da ke mulkin tarayya ba. Fushin da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya haddasa wa PDP a Arewa kwana goma kafin zaɓen gwamna, da tausayin kisan Gubio, da ƙarfin jam'iyya a ƙananan hukumomi, duk sun taimaka wa Shettima. Haka kuma faɗuwar Sheriff a takarar sanata ta sa sabon gwamna ya shiga ofis ubangidansa ba ya riƙe da kowace kujera.

8.0 Abin da Ya Biyo Baya

An rantsar da Shettima ranar 29 ga Mayu, 2011, a matsayin zaɓaɓɓen gwamnan Borno na shida. Tun kafin rantsuwa ya yi wa 'yan Boko Haram tayin afuwa, suka yi watsi da shi. A watan Yuli aka hana hawa babur a Maiduguri, ranar 14 ga Mayu, 2013 kuma Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa ba tare da ya cire gwamnoni ba. A tsakiyar wannan shekara samarin gari, waɗanda aka fi sani da 'yan gora, suka tashi suka taimaka wa soja wajen korar 'yan ƙungiyar daga cikin birni. A watan Fabrairu na 2014 gwamnan ya faɗa a fili cewa 'yan tayar da ƙayar bayan sun fi sojan Nijeriya makamai da ƙwarin guiwa, maganar da ta ɓata tsakaninsa da fadar shugaban ƙasa. Wata guda bayan haka aka kai hari barikin Giwa, wanda ba shi da nisa da GRA, ranar 14 ga Afrilu kuma aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok. Kafin ƙarshen shekarar Gwoza da Bama sun faɗa hannun ƙungiyar, Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira.

Ta fuskar siyasa, tarihin 2003 ya maimaita kansa, sai dai wannan karo mai riƙe da kujera ne ya yi rinjaye. ANPP ta narke cikin APC a 2013, dangantaka ta yi tsami tsakanin Shettima da Sheriff, Sheriff ya koma PDP a 2014. Shettima ya sake cin zaɓe a 2015, ya kafa ma'aikatar sake gina garuruwa da tsugunar da jama'a, ya ɗora Farfesa Babagana Umara Zulum, tsohon shugaban Kwalejin Fasaha ta Ramat, a kanta. Zulum ne ya gaje shi a 2019, shi ma ba tare da ya taɓa riƙe muƙamin zaɓe ba. Shettima ya tafi majalisar dattawa a 2019, aka kuma rantsar da shi mataimakin shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu, 2023, tare da Bola Ahmed Tinubu.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, hanyar Kashim Shettima zuwa Gidan Gwamnati ta bi ta jami'a da banki da majalisar zartarwa, ba ta bi ta kansila ko majalisar dokoki ba, kuma wanda ya gaje shi ma ta irin wannan hanya ya biyo. Na biyu, daga 1999 zuwa zaɓen 2023 gida ɗaya ne na siyasa yake cin zaɓen gwamna a Borno, ko da yake sunansa ya sauya daga APP zuwa ANPP zuwa APC, don haka ainihin gwagwarmayar takan faru ne a cikin gida wajen fid da ɗan takara. Na uku, zaɓukan Afrilun 2011 sun nuna cewa idan aka ba jama'a zaɓi na gaskiya suna iya bambance mutum da jam'iyya, tun da a cikin kwana 17 sun raba ƙuri'unsu ga jam'iyyu uku.

Wannan tsari na naɗa magaji yana da fa'idar da ba a musunta, domin yana iya ɗauko mai ilimi da ƙwarewa wanda ba shi da kuɗin sayen wakilai. Haɗarinsa shi ne ingancin gwamna ya dogara ga hankali da niyyar mutum ɗaya, talaka kuma ba ya ganin ɗan takara sai bayan an gama shawara. Tambayar da ta rage wa masu nazarin siyasar Borno ita ce ko jam'iyyun jihar za su kai ga tsarin fid da gwani wanda mutumin Gwange ko na Hawul zai sa baki a cikinsa tun kafin a miƙa tuta.